Littafin da Aka Ba Auta

Tsohon direba ya shiga laburaren unguwa, ya jefa littafi a kan teburin budurwar da ɗansa yake nema da aure.

Bai yi sallama ba. Littafin ya zame, ya ture kwalbar gam, ya tsaya a jikin hatimi. Yaran da suke zaune a kan darduma suna karatu duk suka ɗago kai.

"Ke kika ba ta wannan?"

Anti ta miƙe. Haka kowa yake kiranta, Anti, daga masu koyon baƙi har 'yan sakandare, don ita ke kula da ɓangaren yara. Ta san mutumin sarai. Baba Direba ne, mahaifin Malam, malamin lissafin da take so. Saura kaɗan manya su zauna a kan maganar aurensu.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera."

"Ban zo zama ba. Tambayarki na yi."

Ta dubi littafin. Koren bango, an manna masa jan tef a baya, alamar na 'yan sakandare ne. Ta gane shi. Ita ta ba Auta, ƙanwar Malam, a makon jiya.

"Ni na ba ta, Baba."

"Madalla. Ko kunya babu." Ya dafa teburin da hannu biyu. "Tun da ta karanta abin nan ba ta sake cin abinci da mu ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Uwarta tana magana, tana kallon ta kamar baƙuwa."

"Baba, babu abin banza a cikinsa. Na karanta shi daga farko har ƙarshe. Ba na ba yaro littafin da ban karanta ba."

"Au, kin karanta? Ashe da sani kika yi."

Ta ga abin da ta kawo don kare kanta shi ya ƙara hura wutar.

"Ni ban yi boko ba," in ji shi, "amma na sa an karanta mini. Labarin yarinyar da aka yi rainonta a gidan da ba a nan aka haife ta ba. Dubi ɗakin nan. Kantoci har rufi. Littafin giwa, littafin jirgi, littafin taurari. Duk ba ki ga na ba 'yata ba sai wannan? Me ta ce miki da kika zaɓo shi?"

Anti ta ɗauki littafin ta riƙe.

Ta tuna ranar. Auta ta jira sai da kowa ya watse, ta tsaya a bayan kantar ƙarshe tana murza bakin mayafinta. Ta ce, "Anti, akwai littafin da yarinya take jin kamar ita ba 'yar gidansu ba ce?" Anti ba ta yi mamaki ba. Yara masu tasowa sun sha yi mata irin wannan tambaya. Yaro ba ya zuwa ya ce ga abin da ke damuna. Littafi yake tambaya, sai mai hankali ta gane. Ta ɗauko wanda ta san zai kwantar wa yarinyar da hankali, ta buga masa hatimi, ta miƙa mata. Auta ta ce, "Kada ki gaya wa kowa." Ta ce, "Ban taɓa ba."

"Da ke nake!"

"Baba, ka yi haƙuri. Abin da yaro ya faɗa mini a ɗakin nan, a nan yake zama."

Tsohon ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ku ji mini. Ni na ciyar da yarinya, ni na tufatar da ita, amma wata ce mai ajiye mata magana. Ba ki shigo gidana ba tukuna, kin fara raba ni da 'ya'yana. In kin shigo kuma sai yaya?"

Wata ƙaramar yarinya ta fara kuka a kan darduma. Ko kallon ta bai yi ba.

"Gobe bayan la'asar ki zo gida. In ba ki zo ba, ki nemi wani mijin."

Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

*

Malam ya iso bayan an tashi, har yanzu da ƙurar alli a hannun rigarsa. Ya same ta tana mayar da littattafai kan kanta, tana sa na ƙananan yara a wurin na manya ba ta sani ba.

A laburaren makarantar da yake koyarwa suka fara haɗuwa. An kira ta ta duba abin da ya dace a saya wa ɗalibai, ta tarar da ɗaki cike da gizo-gizo da tsofaffin littattafan da babu yaron da zai buɗe. Shi ya riƙe mata tsani. Yau ya kasa ko kallon idonta.

"Na ji abin da Baba ya yi," in ji shi.

"Unguwa duka ta ji."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙurin ba shi ne damuwata ba. Ka gaya mini laifina. Littafin nan yara da yawa sun are shi, babu uban da ya taɓa zuwa. Me ya sa sai naku?"

Ya ja ƙaramar kujerar yara ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji.

"Ni ma ban tsira ba. Ya ce ni na kwashe maganar gida na kawo miki."

"Wace magana?"

"Bar wannan."

"In bar ta? Aurena ake neman fasawa a kanta, ka ce in bar ta?"

"Ba tawa ba ce ni kaɗai, balle in faɗa."

Hawaye suka zubo mata. Ta juya baya don kada su ɗiga a kan littafin da ke hannunta.

"Ka ce babu abin da za ka ɓoye mini. A nan ka faɗa, a jikin kantar nan."

"Na faɗa. Kuma ina son ki fiye da ranar da na faɗa. Abu ɗaya nake roƙo. Gobe duk abin da Baba ya ce, ki ce to."

"Ko ban san mene ne ba?"

"Ko ba ki sani ba. Baba in an bi shi yana saukowa. In aka ja da shi, ko mota ce sai ya kifar da ita da kowa a ciki. Ni na san shi."

"Kai malami ne. In ɗalibinka ya ba ka amanar magana, za ka kai wa ubansa?"

"Ni ɗa ne kafin in zama malami."

Ta share ido da bayan hannu, ta daɗe tana kallon sa. A nan ne ta fara jin tsoro na gaske. Faɗan tsohon bai ba ta tsoro kamar sanyin ɗansa ba.

*

Tun daga nesa ta hango motar Mai Kemis a ƙofar gidansu. Ta ja tsaki.

Abokin yayanta ne. Ya daɗe yana neman ta, ta daɗe tana ƙi. Mutum ne mai turare da yawa da dariya da yawa, kuma duk inda ya ji an samu ɓaraka sai ya iso da ledar tsaraba. Yana falo, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, Yaya yana zuba masa shayi.

"A'a, ga likitar littattafai," in ji Mai Kemis. "Na ji yau kin ba da maganin da ya fi ƙarfin marar lafiya. Ni kin gan ni, ko maganin tari ba na ba yaro sai ubansa yana tsaye."

"Shi ya sa yara ba sa zuwa wurinka sai an ja su."

Yaya ya ajiye butar da ƙarfi.

"Ke, ki iya bakinki. An wulaƙanta ki a gaban yara, kin dawo kina yi wa mai mutunta ki rashin kunya. Mutumin nan tun yaushe yake bin ki? Ya taɓa jefa miki ko takarda?"

"Bar ta, abokina," in ji Mai Kemis. "Ni ba na gaggawa. A gidana babu tsohon da zai ɗaga mata murya. In littafi take so, in cika mata ɗaki, ta yi ta karantawa ita kaɗai."

Ta wuce ciki. Umma tana zaune a bakin gado tana ninke kaya, fuskar nan babu fara'a.

"Na ji komai," in ji ta. "Zauna."

Ta zauna.

"Tun ranar da kika karɓi aikin nan na gaya miki, 'ya'yan mutane ba naki ba ne. Ki ba su littafi, ki karɓi littafi, ki dawo gida. Wa ya aike ki shiga cikin zuciyarsu?"

"Umma, aikin ke nan. In buga hatimi ne kawai, ai kowa zai iya."

"To ga shi aikin zai cinye miki aure. Ƙannenki biyu suna ɗakin mazajensu. Na gaji da amsa tambayar mutane." Muryarta ta karye, amma ba ta sassauta ba. "Kin ce malamin nan kike so, na tsaya miki, na yi faɗa da yayanki a kanki. Gobe ki je ki ba tsoho haƙuri, ki yi abin da ya ce. In kin ƙi, to ki dubi wanda ke zaune a falo. Ba zan sake tsaya miki ba."

Anti ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kuka. Umma ba ta ture ta ba, ba ta kuma shafa kanta ba.

*

Washegari bayan la'asar ta je.

Falon Baba Direba ƙarami ne. Akwai hoton tsohuwar motarsa a bango, da agogon da ya tsaya ba a gyara ba. Shi yana kan kujerarsa. Mama, matarsa, tana gefe, idanunta sun kumbura. Malam yana tsaye a jikin taga. Ɗakin Auta yana can ƙarshen lungu, ƙofa a rufe, ana jin rediyo daga ciki. An ajiye kwanon abinci a bakin ƙofar, ba a taɓa ba.

Anti ta gaishe su. Mama ce kaɗai ta amsa.

"Ba dogon zance zan yi ba," in ji Baba. Ya yi ƙasa da murya don kada Auta ta ji. "Yarinyar nan ta ce ba za ta yi magana da kowa ba sai ke. Wai ke ce ba kya yi mata ƙarya. To ke kika ɓata, ke za ki gyara. Ki shiga ki ce mata littafin nan tatsuniya ce. Ki rantse mata cewa ita 'yarmu ce, ga uwar da ta haife ta nan zaune. In kin yi, magana ta wuce, manya su zauna."

Anti ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ashe abin ke nan? Ta kwana tana tunanin za a ce ta bar aiki, ko ta tona abin da Auta ta faɗa mata.

"Ai wannan mai sauƙi ne, Baba," in ji ta, har da ɗan murmushi. "Gaskiya ce zan faɗa, me zai hana? Yara da yawa suna irin wannan tunani, yana wucewa."

Ta miƙe. Malam ya saki ajiyar zuciya. Mama ta ɗaga hannu sama.

Da tsohon ya yi shiru, da shi ke nan. Amma murmushin nan ne ya tsaya masa a rai. Mutum ne da ba ya jure ya ga ana yi masa kallon wawa, kuma ya riga ya yanke cewa ta sani.

"Dube ta," in ji shi ta cikin haƙora. "Dubi yadda take yi kamar ba ta san komai ba. Wai gaskiya ce za ta faɗa. Ni za ki yi wa wasan kwaikwayo? Kina tsammani ban san sakaran nan ya kwashe ya gaya miki cewa Auta 'yar yayarsa ce ba? Cewa uwarta ta rasu wurin haihuwar ta, uban ya gudu, muka tashi daga unguwar muka raine ta a matsayin tamu?"

"Baba!" Malam ya dafe kai. "Wallahi ban taɓa gaya mata ba. Wallahi tallahi."

Rediyon Auta yana ta yi daga ciki.

Baba ya dubi ɗansa, ya dubi Anti. Ya ga fuskarta. Fuskar wanda ya sani daban take da wannan.

Anti ta koma ta zauna a hankali.

"Me ya zaunar da ke?" in ji shi. "Tashi mana."

"Baba, ɗazu na ɗauka gaskiya zan faɗa. Yanzu kuma ka gaya mini ba ita ba ce."

"To sai me? Kalmomin ne dai. Waɗanda za ki faɗa ɗazu su za ki faɗa yanzu."

"Ɗazu kuskure zan yi. Yanzu ƙarya zan yi, har da rantsuwa."

Mama ta sauko daga kujera ta kama hannunta.

"'Yata, ki dube ni. Ni na goya ta. Ni na kwana da ita a asibiti lokacin ƙyanda. Na binne uwarta, 'yar cikina, ita ce ta rage mini a madadinta. In ta sani, ba za ta sake ce mini Mama ba. Ki taimake ni. Magana ɗaya ce."

Anti ta fashe da kuka ita ma.

"Mama, wallahi ba don in raba ku na ba ta littafin ba. Wanda ya karanta wa Baba bai kai ƙarshe ba. Yarinyar cikin labarin ba ta bar gida ba. Da ta ji gaskiya daga bakin waɗanda suka raine ta, sai ta ƙara riƙe su. Ku shiga ku gaya mata da kanku. Ni zan zauna kusa da ita, in riƙe hannunta. Auta ba jaririya ba ce. In na rantse mata yau, gobe ta ji a bakin wani, ba za ta sake yarda da ku ba, ba za ta sake yarda da ni ba. Wa zai rage mata?"

"Ba a littafi zan koyi riƙon gida ba," in ji Baba. Kunyar subutar bakinsa ta koma fushi. "Na riƙe maganar nan tun kina sa wando a baibai. Ba ke za ki ce mini ga ranar buɗe ta ba."

"To a bar ni in shiga in lallashe ta ta ci abinci. Ba zan faɗi komai ba. Sirrinku ba zai fita daga bakina ba har in mutu."

"Za ta tambaye ki. In kin yi shiru ta gane. Rantsuwar nake so."

Malam ya matso, ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Ki tuna abin da muka tsara," in ji shi, murya can ƙasa. "Ɗakin da na kama. Kantar da na sa kafinta ya yi miki. Duk za ki zubar saboda magana ɗaya? Bayan aure ni da kaina zan lallaɓa Baba a gaya mata. Na yi miki alkawari."

"Jiya ka ce kai ɗa ne kafin komai. Bayan aure za ka daina zama ɗa?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta san abin da ke jiran ta a gida. Motar nan a ƙofa, da turaren nan, da Umma da ta ce ba za ta sake tsaya mata ba. Ta dubi wuyan rigar Malam, inda zare ya fara fita, wanda ta daɗe tana cewa ita za ta ɗinke masa.

Rediyon ya mutu.

Aka ji motsin sakata a ƙarshen lungu. Ƙofar ba ta buɗe duka ba.

"Anti?" Muryar Auta ce, ta dushe saboda kuka. "Anti, ke ce? Ki zo. Abu ɗaya zan tambaye ki."

Mama ta toshe baki da mayafi. Baba ya miƙe tsaye, ya nuna lungun da yatsa, sannan ya nuna ƙofar waje.

"Hanya biyu ce," in ji shi a hankali. "Ki shiga ki rantse mata, ki zama surukata. Ko ki fita, babu ke babu ɗana, ko bayan raina."

Anti ta dubi Malam. Ta jira ya ɗago, ya ce ko da kalma ɗaya. Bai ɗago ba.

Ta zare hannunta daga na Mama, ta share fuska, ta ɗauki jakarta. Ta yi magana ƙasa ƙasa yadda ba za a ji a lungu ba, amma kowa a falon ya ji.

"Ba zan rantse mata ba, Baba."